Hular Yaya

Aikin da na yi a shekarun nan ba shi da suna. In aka tambaye ni sana'ata a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, sai in ce ina tare da Yaya, mai tambaya ya gyaɗa kai kamar ya gane. Gaskiyar maganar ita ce ni bakin Yaya ne a wurin gwanjo. Kuɗi nasa, ido nasa, ni nawa buɗe baki a lokacin da ya dace.

Yaya shi ne babba a gidanmu na Ɗanzomo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, kwanon da ke kan ɗakina ma shi ya sayo shi a wani gwanjo, har yau da tambarin fenti na inda ya fito a jikinsa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ce masa a'a ba. Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Mutum ne dai da in ya shigo wuri sai ka ji kamar an rage maka tsayi.

Bayan an yanke mana jiha, gwanjo ya yi yawa a yankinmu. Ofisoshi suna tashi, wasu suna rabewa, kowa yana fito da tarkacensa: motocin da suka daɗe a kan duwatsu har kaji suna ƙwai a ciki, tayoyi, kujerun ƙarfe masu ƙafa uku, kwanon rufi, injin ban-ruwa. Yau muna Gumel, jibi Gagarawa, wani makon Sule Tankarkar. Abin da muka samo kuma ranar Alhamis mu kai Maigatari, mutanen Damagaram su kwashe. Su ba sa raina ƙarfe. Abin da mu muka yanke wa ƙauna, su za su tayar da shi ya yi musu shekaru yana aiki.

Mai gwanjon da ya fi zagaya garuruwan wani dattijo ne gajere mai ƙaton murya, yana yawo da ƙararrawa irin ta makarantar firamare. Yakan hau benci ya nuna kaya, ya yabe su yabon da ko mai su bai taɓa yi musu ba, sannan a fara tayi. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya ɗora. In tayi ya lafa sai ya ɗaga ƙararrawar sama ya ce, "Ɗaya!" Ya waiga dama da hagu. "Biyu!" Ya ja numfashi. "Uku!" Ya kaɗa. Da ƙararrawar nan ta yi ƙara magana ta ƙare, ko wa ka sani a ofishin.

To, Yaya ya yi suna da sanin ƙarfe, kuma sunan ya zame masa matsala. Da ya buɗe baki ya taya abu, ko tsohon bokiti ne, sai kowa ya ce lalle akwai wani abu a ciki, a bi shi a yi ta ɗorawa har abin ya fi ƙarfin riba. Saboda haka ya daina tayi gaba ɗaya. Sai ya samu inuwar bishiya ya tsaya yana cin goro, yana gaisawa da mutane kamar wanda ya biyo hanya. Ni kuma in tsaya can ɗaya ɓangaren, cikin rana, inda zan riƙa hango kansa. In yana son kaya, zai sa yatsa ɗaya ya tura hularsa baya kaɗan. Shi ke nan alamar. Ni kuma ba zan ce uffan ba sai mai gwanjo ya ce biyu, ya ja numfashin nan nasa, bakinsa ya fara haɗa uku, sannan in jefa tawa: "Da hamsin!"

Kullum hamsin ce, ba ta canzawa. Wanda ke kan gaba a tayin a lokacin ya riga ya saki jiki, hannunsa ma ya tafi aljihu. Kafin ya juyo ya ga wa ya yi magana, ya yi lissafi, ya buɗe baki, ƙararrawa ta kaɗa.

A baki abin kamar wasa ne, amma na sha wuya kafin in iya. In ka yi gaggawa ka ba abokin tayi damar ɗorawa, sai a koma ja-in-ja. In ka yi jinkiri ƙararrawa ta haɗiye muryarka, ka zama abin dariya. Na tuna wata rana a Gumel da na yi saurin magana a kan wata tsohuwar a-kori-kura, wani Alhaji ya farka ya bi mu har ya ƙwace ta. Yaya bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun daga Gumel har gida bai ce mini komai ba, sai da muka sauka a ƙofar gida ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ka yi gaggawa." Na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Daga nan na koma karatun dattijon nan mai ƙararrawa. Na gane kafin ya ce uku kafaɗarsa ta dama takan ɗan ɗaga, maƙogwaronsa ya motsa. Na riƙa kallon wannan har na daina buƙatar kallo. Jikina ya haddace. Ido ya ga hula, kunne ya ji biyu, baki ya yi aikinsa, ni kuma ina tsaye a tsakiya kamar baƙo. 'Yan gwanjo sun san ni ƙanen Yaya ne, sun san in na yi magana shi ya yi, amma ba wanda ya taɓa gano hular. Sai suka sa mini suna Agogo, don ba na kuskure lokaci. Da na shigo fili za ka ji ana cewa, "Ga Agogo nan ya iso, kowa ya riƙe aljihunsa." Ina dariya tare da su, me zan yi?

Abin da ba su sani ba shi ne gajiyar da ke ciki. Ba ɗaukar kaya ba ne, ko da yake shi ma ina yi. Gajiyar wuni guda kana kallon kan mutum ɗaya ce. Na san hulunan Yaya fiye da yadda na san fuskokin 'ya'yana. Na san wadda ta yi masa yawa take zamewa da kanta, ranar da ya sa ta hankalina ba ya kwanciya. Har a masallaci in ina bayansa sai in tsinci idona a ƙeyarsa. Ga ni da aure da 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma duk abin da na iya a duniya bai wuce kalma biyu ba.

Maiɗakina ce ta fara kawo maganar injin niƙa. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka wuni kana juya ta. A lokacin inji ɗaya ne ke aiki a kusa da mu, can ƙarshen gari, shi ma yau lafiya gobe ciwo. Matan unguwarmu kullum suna kan turmi. Wata rana na dawo daga Gagarawa na zube a tabarma, ta kawo mini ruwa ta ce, "Malam, kai kullum kana saya wa mutane ƙarfe. Ba a sayar da wanda zai zauna a gidan nan ne?"

Na ce mata ƙarfe kuɗi ne.

Ta ce, "Awaki ma kuɗi ne."

Awakinta take nufi, waɗanda ta tara tun daga guda ɗaya da aka ba ta lokacin aurenmu.

Ba a daɗe ba aka fito da kayan gwanjo a Sule Tankarkar, aka jera su a wani fili don masu saye su riƙa zuwa dubawa kafin ranar. A cikinsu, bayan tulin kwano, na ga injin. Na wani shirin taimakon mata ne da ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Ga kan niƙan, ga injin da ke jan sa mai shan gas, har bel ɗinsa yana rataye. Na tsaya a kansa ina mafarki ido biyu. Na ga rumfa a bayan gidana, na ga kwanuka a jere, na ga kaina da gari a gira ina aiki da hannuna, ba mai tura mini hula.

Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, ya sa ƙafa ya ɗan taɓa injin. Lokacin ana tsakiyar wahalar mai, sai wurin 'yan bumburutu ake samu a galan. Ya ce, "Wa zai sayi abin da ke shan gas a wannan marra? Mu kwano da tayoyi suka kawo mu." Ya wuce. Ban taɓa jin daɗin raina wani abu da Yaya ya yi ba kamar ranar.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka gaya masa kana so? Wanda ya tashi a irin gidanmu ba zai yi wannan tambayar ba. Ƙane ba ya tsayawa gaban wan da ya riƙe shi ya ce ina so in tsaya da ƙafata. Kamar ka ce masa tuwon gidansa bai ishe ka ba ne. Sannan na san amsar da zai ba ni. Zai ce, "To, bari in saya maka." Ya saya kuwa, da zuciya ɗaya, inji ya zama nasa, ni in zama mai kula masa da inji, in ranar gwanjo ta zo a rufe rumfa a tafi. Shawarar da muka yanke da maiɗakina ita ce a saya tukuna. In ya shigo gida, sai in je in sami kawunmu ya tafi ya yi wa Yaya bayani cikin lalama, yadda manya suka iya.

Saura wanda zai taya mini, tunda bakina ba nawa ba ne. Sai na tafi Gumel wurin wani abokina bakanike. Kirista ne mutumin Filato, aikin gwamnati ya kawo shi, da ya bar aikin ya buɗe gareji kusa da tasha ya zauna. Shi ke duba mana motocin da muka saya, ni nake ce masa Injiniya. Mutum ne mai dariya da dukkan jikinsa. Ya je ya duba injin a ɓoye, ya dawo ya ce, "Malam, lafiyarsa ƙalau. Tsatsar a fata kawai take." Har ya auno mini ƙafafun injin da igiya, ya ƙulla alama a inda kowane noti zai zauna.

Awaki suka tafi kasuwa. Na haɗa da abin da na samu a riɗin da na noma. Da igiyar Injiniya na auna wuri a bayan gida, na zuba dandamalin siminti, na kafa ƙarafa huɗu a ciki suna kallon sama. Na san gaggawa ce, amma na kasa haƙuri. Yaya ya shigo wata safiya ya gan shi, ya tambaye ni na mene ne. Na ce wurin shanya ne.

Ya ce, "Shanya har da siminti? Lalle kun ji daɗi."

Ranar gwanjon ta faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da tun hantsi riga take manne wa mutum a baya. Maiɗakina ta ƙulle kuɗin a wani tsohon ɗankwalinta mai ruwan goro. Ba ta yi mini doguwar addu'a ba, cewa kawai ta yi, "Allah ya sa a dace." A bayan wata mota na miƙa wa Injiniya ƙullin. Na ce masa ya shiga tayi tun da wuri, ya riƙa ɗorawa a hankali har inda kuɗin ya tsaya. Na ce ba wanda zai ja da shi sosai, tunda kowa tsoron gas yake yi.

Ya ce, "Kai fa? Kar ka zo ka yi mini da hamsin ɗin nan naka."

Muka yi dariya har da tafawa.

Aka fara da kujeru, aka zo kan kwano. Hula ta motsa, na jefa, muka ɗauka. Aka zo kan tayoyi, tayi ya yi sama, Yaya bai ko kalli wajen ba, na yi shiru. Aka tashi aka yi azahar aka dawo. Mutane sun ragu, waɗanda suka rage duk sun yi laushi. Dattijo ya hau bencinsa ya nuna injin, ya ce wannan in ka kai shi gida matan garinku za su riƙa sa ka a addu'a. Aka yi 'yar dariya.

Injiniya ya buɗe tayi. Wani mutumin Gagarawa ya ɗora, Injiniya ya ɗora, suka ɗan ja, mutumin ya girgiza kai ya koma baya. Wani ya gwada sau ɗaya shi ma ya janye. Fili ya yi tsit, tayin Injiniya ne a sama, kuma bai ma kai ƙarshen abin da ke cikin ɗankwalin ba. A raina har na fara tunanin wanda zan nema ya kafa mini rumfa.

Sai na hango wani dogon mutum mai shuɗin rawani, cikin mutanen Damagaram da muke ciniki da su a Maigatari, ya matso kusa da Yaya ya sunkuya yana yi masa magana a kunne. Yaya ya daina tauna goro. Ya juya ya kalli injin, irin kallon da na sani.

"Ɗaya!"

Na ce wa kaina, kalli ƙasa. Kalli takalminka, kalli bishiya, kalli ko'ina. In ban gani ba, ban gani ba, iyaka ya yi mini shiru har gida ya ce na yi jinkiri. Wallahi na yi niyyar sunkuyar da kai. Amma idon da ya yi shekaru yana aiki ɗaya bai saurare ni ba.

"Biyu!"

Yatsa ya tashi. Hula ta koma baya.

Na sha tambayar kaina me na yi tunani a wannan ɗan tsakanin. Ban yi tunanin komai ba. Kafaɗar dattijo ta ɗaga, na ji wata murya ta ce, "Da hamsin!" Sai da ƙararrawa ta kaɗa na gane muryata ce. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa jefa ta daidai kamar ranar ba. Ko tsinke ba zai shiga tsakaninta da ukun ba. Har wani a bayana ya ce, "Kai, Agogo ba dama!"

Injiniya ya ratso mutane ya nufo ni yana dariya, yana nuna ni da yatsa. Ya kama hannuna ya rage murya ya ce, "Malam, ashe wasa ka yi da hankalina! Da ka gaya mini da bakinka kake so ka ɗauka. Ni da na ji muryarka ai sai na yi shiru, ga sauran kuɗi a hannuna ban ma taɓa ba."

Ya dubi fuskata, sannan ya bi inda nake kallo. Yaya ne ke takawa zuwa teburin biya, mai shuɗin rawani yana biye da shi. Dariyar ta bar fuskar Injiniya a hankali.

Ya ce, "Ba naka ba ne?"

Na ce, "Na Yaya ne."

"To me ya sa ba ka yi shiru ba, don Allah?"

Na ce masa hula ce ta motsa. Bai gane ba, ni kuma ba ni da ƙarfin bayani. Ya zaro ƙullin daga cikin rigarsa ya tura mini a aljihu, ya dafa kafaɗata ya tafi. Daga baya ya riƙa cewa laifinsa ne, da ya ɗora ko da ya ji muryata. Na ce masa ko ya so ba zai samu wuri ba. Ai don kada a samu wurin aka koya mini aikin.

Injin ko kwana bai yi a hannun Yaya ba. Nan take suka gama magana da mutumin Damagaram, mutumin ya ce a ɗora masa a kamyonsa, babbar motar kaya da ke bakin hanya. Da ni aka ɗaga. Na kama ta wajen ƙafafun, daidai ramukan notin da na auna da igiya. Nauyinsa ya fi yadda na zata. Muka tura shi ciki, aka ɗaure, motar ta tashi ta yi arewa, ni kuma na tsaya ina goge baƙin mai a gaban rigata, ina ƙara shafa shi.

A hanyar gida ni ke tuƙa babur, Yaya yana baya. Ranar bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Yau ka yi aiki. Ban taɓa ganin ka jefa ta kamar yau ba."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Muka ɗan taɓa tafiya cikin yashi. Sai ya ce, "Amma bakaniken nan, me zai yi da injin niƙa? Turo shi aka yi. Ko wane ne ya turo shi, bai san gwanjo ba. Ya nuna hannunsa tun da wuri."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ko ya sani ko bai sani ba, ban taɓa ganewa ba. Na yi shekaru ina juya maganar, wata rana in ce ya sani, wata rana in ce ina zai sani. Daga baya na gaji na bar ta. Da muka shigo gari ya sa na tsaya wurin mahauci, ya sa aka yanka mini nama mai yawa, ya ce in kai wa iyali su ma su san an yi sa'a.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na shiga gida. Maiɗakina tana tsakar gida a kan turmi. Ta ga naman, ta ga baƙin mai a rigata, fuskarta ta fara washewa. Sai na fito da ɗankwalin na ajiye a kan tabarma, da ƙullinsa yadda ta yi shi. Ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "An fi ƙarfinmu?"

Na ce, "A'a. A ƙarshe aka ɗora."

"Wa ya ɗora?"

Ta daɗe tana kallona. Ta san aikina, ta san babu mai yin wannan a duk yankin sai mutum ɗaya.

Ta ce, "Da hamsin?"

Na ce, "Da hamsin."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka. Na zauna a bakin ƙofa ina jin kowane bugu a ƙirjina. Ban taɓa jin kunyar mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar ba. Naman kuwa ta dafa shi, yara suka ci suka yi murna.

Da kasuwa ta zagayo maiɗakina ta ba da kuɗin aka sayo mata awaki. Ba su kai waɗanda ta sayar ba, don kafin nan sun yi tsada. Ni kuma mako bai cika ba na koma Gumel na tsaya cikin rana ina kallon hula. Na ce a raina wani injin zai fito. Bai fito ba. Gwanjon ma a hankali ya riƙa ja da baya, manyan 'yan kasuwa daga birni suka fara zuwa suna kwashe kaya tun kafin mu ji labari, dattijo mai ƙararrawa ya tsufa ya daina hawa benci.

Dandamalin yana nan a bayan gida. Ƙarafan nan huɗu sun sha fasa wa yara yatsu, har na sa guduma na kwantar da su. Da kaka ta yi, maiɗakina ta share shi ta baza kuɓewa a kai, kuma gaskiya wurin ya yi kyau da shanya, ba ƙasa ba tsakuwa.

Wata rana da hantsi Yaya ya shigo duba wata katanga da ruwa ya ci, muka zagaya baya tare. Maiɗakina ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma gefe. Ya sha, ya tsaya yana kallon kuɓewar da ke shanye.

Ya ce, "Ashe da gaske kake, wurin shanya ne."

Zafi ya dame shi. Ya sa yatsa ya tura hularsa baya don ya share gumi. Sai na ji ƙirjina ya cika da iska, bakina ya buɗe. Da ƙyar na kama shi na rufe, na mai da abin tari. Yaya bai lura ba, ya gama duba katangarsa ya yi sallama ya fita.

Maiɗakina ta zo ta ɗauki kwanon ruwan. Ta sunkuya tana juya kuɓewar da hannu, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Saura kaɗan ka saya masa kuɓewar ma."

Na jira ta yi dariya in taya ta. Ba ta yi ba.